Buroshin Baba da Kuncin Malam Yahuza

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya san abin da bawa yake so ya faɗa ko da harshensa ya kasa.

Ummi, ranar da kika dawo daga makaranta, ko takalmi ba ki cire ba kika tambaye ni dalilin da ya sa wata yarinya ta ce ke jikar wanzamin alade ce, na ce miki ki ci abinci tukuna. Kin ci kin manta, ni ce ban manta ba. Na san shekaruna ba su kai na mai zama ta rubuta tarihin rayuwarta ba, har mahaifinku ya yi mini dariya da ya gan ni da biro da takarda. Amma labari in aka bar shi a bakin unguwa, kowa yakan gutsuri inda ya yi masa daɗi ya yar da saura. Gara ku ji shi daga wadda aka yi abin a gabanta, ke da ƙaninki Abba, da 'ya'yan kawunku Sani idan sun yi wayo.

Kakanku Mamman wanzami ne ɗan wanzami. Zabirarsa, wato jakar fatar da yake rataye da ita, ta mahaifinsa ce, haka ma askar da dutsen wasa ta da ƙahonnin da ke ciki. Abu ɗaya ne kawai bai gada ba: wani ɗan buroshi mai mariƙin katako, gajere mai ƙiba, wanda duk gidanmu muke kira Ɗan Damagaram. Wani mai fataucin shanu ne daga can ya ba shi kyauta tun Baba yana saurayi, bayan ya yi wa jaririnsa askin suna a masaukinsu a nan Daura. Inna ta ce lokacin da aka kawo ta amarya, buroshin yana da tauri kamar tsintsiyar kwakwa, ga wani ɗan wari da ta ɗauka na bunsuru ne, har ta hana a shigar mata da shi ɗaki. Sauran wanzamai kuwa, da yake su da tafin hannu suke murza sabulu a kai, suka riƙa cewa Mamman ya koma mai fenti. Baba bai kula su ba. Kullum da safe sai ya tsoma shi a ruwan ɗumi ya bar shi ya jiƙa kafin ya fita. A hankali warin ya tafi, bakin kowane gashi ya tsage ya yi fari, ya zama sama laushi ƙasa ƙarfi.

Ina yarinya nakan zauna a bakin zaure in kalle shi yana kaɗa sabulun salo a ƙoƙo. Ƙarar tana kama da ta yayyafi a kan rufin kwano tun yana nesa. Kumfar takan taso fari fat, ya ɗora ta a kan wani dattijo, ni kuma in riƙa ganin kamar girgije ne ya sauko ya zauna a kan tsauni. Daga nan askar ta biyo ta share girgijen, tsaunin ya fito yana ƙyalli. Sau da yawa Inna takan aike ni, ta fito ta same ni a nan baki buɗe, aiken yana hannuna.

Cikin duk kawunan da Baba yake aske wa, babu wanda ya kai masa na Malam Yahuza, wanda muke ce wa Baba Malam. Tare suka yi makarantar allo. Baba ya ajiye allo da wuri ya ɗauki zabira, shi kuwa ya zarce har ya zama malamin da ake cika zaurensa da ɗaukar karatu. Shi ya raɗa mini suna, kuma a gidansa na yi karatuna na addini tare da 'ya'yansa mata, don haka gidan kamar namu ne. Kowace Alhamis da hantsi Baba yakan je ya aske masa kai, ya gyara masa kumatu da wuya, domin Baba Malam bai taɓa zuwa masallacin Juma'a da suma ba. Ɗalibai sun san wannan lokacin ba nasu ba ne. Da Baba ya yi sallama za ka ji Malam yana cewa ga mahaucin kawuna ya iso, kowa ya riƙe kunnensa. Baba kuma ya ce ai shi wannan kan ladan askinsa biyu ne, domin ya yi kama da goran da aka bari ya kwanta ta gefe ɗaya a gona. Haka za su yi ta yi, dattawa biyu masu furfura, har a gama.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai ina zaune a gida ina jiran a tura ni koyarwa, a cikin bazararta Baba Malam ya faɗi a wurin alwala. Da aka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da muryarsa take kaiwa bakin titi ya koma sai dai ya dube ka. Babban ɗansa, Malam Kabiru, shi ya karɓi karatun zaure da ragamar gida. Ni kuma da yake ba ni da aikin yi, iyalin suka ce in riƙa zuwa da safe ina karanta masa Alƙur'ani, wai muryata ba ta da hayaniya. Idan na yi kuskure yakan buga tabarma da hannun hagu, in koma baya in gyara. A nan na gane cewa duk abin da ke cikin kan nan yana nan daram, ƙofar fita ce kawai aka rufe.

Ina wurin ranar Alhamis ta farko da Baba ya zo masa aski bayan asibiti. Ya shigo da tsokanarsa kamar kullum, ya ce to yau dai mahauci ya samu wanda ba zai yi masa gardama ba. Wannan karon babu mai rama masa. Ya kaɗa kumfa, ya shafe kan, ya sauko kuncin hagu, sannan ya zagayo na dama, wanda ya saki ya zube kamar rigar da aka rataye a ƙusa. Matarsa takan shafa wannan kuncin, jikoki sukan taɓa, bai taɓa nuna ya san ana yi ba. Amma da buroshin ya fara zagaya shi, sai idon nan na dama da yake a lumshe ya buɗe. Hannun hagu ya taso ya cafke wuyan hannun Baba, ya riƙe shi a wurin. Baba ya ci gaba da zagayawa a hankali, kumfa tana ta taruwa har tana ɗiga a gemu, babu wanda ya ce a daina. Ban san abin da Baba Malam yake ji ba, ko ƙaiƙayi ne ko ɗumi. Na dai san wani yanki na fuskarsa da ya yi tafiya yakan dawo gida a wannan ɗan lokacin. Tun daga ranar Baba ya sauya tsarinsa: da kuncin dama yake farawa, kuma shafa kumfar ya fi askin daɗewa. Ran Juma'a kuwa 'ya'yan sukan ɗauki Malam a mota zuwa masallaci, kansa yana sheƙi a ƙarƙashin hula.

Da damina ta kankama, Babbar Sallah ta matso, sai na lura Ɗan Damagaram ya fara zubar da gashi, mariƙinsa kuma ya tsage. Na ce wa Yaya Sani, wanda a lokacin yake jigilar kaya a babur tsakanin Daura da Kongolam ta bakin iyaka, me zai hana mu nemo wa Baba irinsa mu ba shi goron Sallah. Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Mashi ya bar zabira a gida, Yaya ya sa buroshin a aljihu ya tafi da shi don a gwada. Ya dawo da la'asar bai sayo komai ba. Ya same mu ni da Inna muna tsince shinkafa, ya ajiye buroshin a kan turmi da yatsu biyu, ya ce wani tsoho mai shago daga tsallaken iyaka ya juya shi ya duba, ya ce irin wannan ai da gashin aladen daji ake yin sa, shi ya sa yake daɗewa, kuma shi ya sa ya daina kawo su. Ya faɗa ne da ƙarfi, a gaban 'yan acaban da ke hutawa a inuwar shagon, kuma akwai ɗan unguwarmu a cikinsu.

Inna ta yi salati, ta janye tiren shinkafar daga kusa da turmin. Ta ce a jefa shi masai yanzun nan, in Baba ya tambaya a ce ɓera ya ja. Yaya ya ce labarin ai ya riga ya hau babur, kafin magariba zai iso. Da Baba ya dawo, Yaya ne ya gaya masa. Baba ya daɗe yana kallon buroshin. Sannan ya ɗauki buta da toka da sabulu ya tsuguna a bakin rariya, ya yi ta wanke hannuwansa har Inna ta ce fatar za ta saɓule. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce, ya ce zai bi gidajen da yake wa aski ya faɗa musu da bakinsa. Inna ta tare ƙofa ta ce wa ya tambaye shi, ai wanda bai sani ba babu laifi a kansa.

"Mutum ya miƙo mini wuyansa ina riƙe da aska, ya rufe ido," in ji Baba. "Ba zan bari ya ji wannan a bakin 'yan acaba ba."

Kowane gida da yadda ya karɓe shi. Wani tsoho ya tambaye shi ko sai ya rama sallolin duk shekarun nan. Wani ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu ya gano abin da ya sa ba ya ƙoshi. Wasu suka ce Allah Ya kyauta, suka shige ciki. Akwai gidan da Baba ya aske kaka da ɗa da jika, aka yi haihuwa a cikin makon, ranar suna suka kira wani wanzamin. Ranar Baba bai fita ba, ya zauna yana ta wasa askar da ba ta bukatar wasawa. A cikin kwanakin nan ne yaran unguwa suka laƙaba masa sunan da kika ji.

Gidan Baba Malam ya bari a ƙarshe. Na fito da kofin kunun Malam ke nan na ji su a zaure shi da Malam Kabiru, sai na tsaya a bayan ƙofa. Malam Kabiru mutumin kirki ne, kada ku taɓa ɗaukarsa wani abu daban. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, domin a mazhabarmu gashin dabba idan yanke shi aka yi mai tsarki ne, ko na wace dabba ce, saiwar da aka tuge ce take da matsala, kuma babu sallar kowa da ta ɓaci. Na ji Baba ya sauke numfashi. Sai Malam Kabiru ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa:

"Hukuncin ke nan, Baba, kuma a bakin mahaifina na koye shi. Amma ba mu san ko yanka aka yi ko tugewa ba. Kuma gaskiya, ko da na sani, zuciyata ba za ta iya kallon abin nan a fuskarsa ba."

Baba ya ce shi ma tun jiya ko taɓa shi ba ya son yi. Suka yarda a kan a ajiye buroshin, kuma kada a gaya wa Malam, don kada a ɗora wa mara lafiya damuwa. Su biyun duk ƙaunarsa ce ta sa suka yanke haka. Ni ma da nake bayan ƙofa na ga daidai ne.

Alhamis ta zo, Baba ya murza sabulu da tafin hannu irin na iyayensa. Baba Malam ya bi hannun da kallo, ya dubi zabira, ya dubi Baba. Da aka zo kuncin dama idon bai buɗe ba. Mako na gaba Baba ya zo da sabon buroshi na roba da Yaya ya sayo a kasuwa, mai laushi kamar auduga. Yana taɓa fuskar Malam ya ture shi da hannun hagu, ya juya ya fuskanci bango. Ranar ba a yi askin ba, washegari kuma da aka zo ɗaukarsa zuwa masallaci ya riƙe ƙafar gado ya ƙi saki.

Daga nan gidanmu ya koma masana'anta. Baba ya aika Sandamu wurin dangin Inna aka yanko masa gashin wutsiyar doki. Ya ɗaure shi da zare ya cusa a guntun gora, ya gwada a kuncinsa, ya ce wannan ai allurai ne. Ya bi bunsurun maƙwabta ya rage masa gemu, gashin ya jiƙa ya kwanta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya haɗa na doki da na akuya, ya gwada na raƙumi. Inna ta ce saura kyanwar gidan, ta ga ma tun jiya ba ta kwana a gida. Mukan yi dariya, shi ma yakan yi, amma duk wanda ya kai gidan Malam haka yake dawowa da shi a bushe. Sumar Baba Malam ta tofo fara, ta rufe masa kunnuwa, kumatunsa suka cika da gashi. Ya rage cin abinci. Ina karatu in yi kuskure da gangan, tabarma ba ta ƙara bugawa ba.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Malam Kabiru ya tari Baba cikin ladabi ya ce wataƙila Malam ya gaji da aska ne, ko kuwa wani abu ya ɓata masa rai da ba za a iya sani ba. Ya ce ba zai yiwu a kai shi Idi a haka ba, don haka ranar Alhamis zai kira mai aski da inji daga shagon bakin tasha, ko da riƙe shi za a yi. Baba ya ce to, Allah Ya ba shi lafiya. Ya dawo gida ya rataye zabira. Dukkanmu mun san cewa in inji ya hau kan nan sau ɗaya, Alhamis ɗin Baba ta ƙare, kuma abokinsa zai tafi da zaton shi ne ya gaji da shi.

Ranar Laraba ina karatu na ɗaga kai, na ga Baba Malam yana kallon bango, ɗan yatsansa na hagu yana zagaya kuncinsa na dama a hankali, zagaye bayan zagaye, daidai yadda buroshi yake yi. Na rufe Alƙur'anin na dawo gida. Na sami Baba a gindin darbejiya yana warware zaren wani buroshin da bai yi ba, na gaya masa abin da na gani. Ya ce ya sani, tun makon farko yake ganin yatsan nan. Na tsuguna kusa da shi, na daɗe ina jan ƙasa da tsinke, domin ban saba gaya wa Baba abin da zai yi ba. Sannan na tambaye shi ko akwai wanda ya tambayi Baba Malam.

Ya ce da wane baki zai gaya wa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa jama'a tsarki cewa shekara da shekaru yana goga masa alade a fuska.

"Baba," na ce, "harshensa ne ya tafi. Da yana magana, wa za ku kai wa wannan tambayar duk garin nan in ba shi ba?"

Ya ci gaba da warware zarensa. Amma da safe na ga ya shiga rumbun da ya jefa Ɗan Damagaram, ya fito da shi a ƙulle cikin leda, ya riƙe shi daban bai sa a zabira ba.

Mun riga mai inji isa. Baba ya roƙi Malam Kabiru ya shigo ɗakin ya zama shaida, ya ce in ya so bayan nan a yi yadda ya ga dama. Ya zauna a bakin gadon, ya ce Yahuza, juyo, yau tambaya na kawo, ba aski ba. Rabon da in ji ya kira shi da sunansa tsurarsa har na manta. Malam ya juyo. Baba ya kwance ledar ya ajiye buroshin a kan bargo, ya faɗi komai tun daga Kongolam har zuwa gemun bunsuru, kansa a sunkuye.

Baba Malam ya dubi buroshin, ya dubi Baba. Sai kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, wani sauti yana fita ta gefen bakinsa. Malam Kabiru ya zabura zai kira mota. Ni ce na fara ganewa, don na ga idon hagun ya ƙanƙance yana hawaye: dariya yake yi, irin wadda ba a ji ba a ɗakin tun bazara. Da ta lafa, ya ɗaga hannu ya buga tabarma, bugun nan na a saurara. Ya miƙe yatsu biyu ya haɗa su ya raba kamar almakashi. Sannan ya kama gashin gemunsa ya yi kamar zai fizge. Ya buɗe tafin hannu yana kallon Baba. Malam Kabiru ya ce a hankali, tambaya yake yi, yanka aka yi ko tugewa.

"Ina zan sani?" in ji Baba. "Ba ni na yi wa aladen aski ba."

Dariyar ta dawo sabuwa, har sai da aka tashe shi zaune aka ba shi ruwa. Malam Kabiru ma ya juya baya kafaɗunsa suna motsi. Sannan Baba Malam ya miƙa hannu ya ɗauki buroshin. Ya kawo shi kusa da idonsa mai kyau ya daɗe yana dubawa. Ya nuna wa ɗansa gindin gashin inda ya nutse cikin katako, ya girgiza yatsa. Ya shafa farin bakin gashin da babban yatsa, ya ɗora shi a kuncinsa na dama. Daga nan ya nuna butar da ke bakin ƙofa, ya yi alamar wanke fuska. Ya damƙa wa Baba buroshin a hannu, ya rufe yatsun Baba a kansa, ya gyara zama ya miƙo kai.

Malam Kabiru ya dubi mahaifinsa. Sannan ya ce ya fahimta: bakin gashin ne yake taɓa shi, saiwar tana can a binne, kuma in an gama a wanke. Ya ce fuskarsa ce, kuma shi ne malamin. Da kansa ya fita ya kawo ruwan ɗumi, ya sallami mai inji da ya iso yana jira a zaure. Amma da aka fara kaɗa kumfar sai ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon tsakar gida, bai waiwayo ba har aka gama. Ban ga laifinsa ba. Ni na kalla. Na ga buroshin ya sha ruwa ya buɗe bayan makonnin da ya yi a bushe, na ga girgijen nan na yarintata ya sauko a kan farar suma, na ga idon dama ya buɗe. Baba yana zagayawa yana faɗa, wai dubi yadda goran ya yi ciyawa, wannan ai lada uku ne. Hannun hagu ya lalubo gwiwarsa ya kai mata duka.

An kai Baba Malam Idi da kai mai sheƙi. Buroshin bai sake shiga zabira ba. Aka samo masa gwangwani aka ajiye shi a tagar ɗakin Malam, kai ɗaya kawai yake yi wa aiki, sauran mutane kuwa na roba ko tafin hannu, wanda suka zaɓa. Wasu gidajen sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba, sunan kuma ya zauna. Na taɓa tambayar Baba ko yana da-na-sanin bin gidajen nan da ya yi. Ya ce yana jin zafin gida ɗaya ko biyu, amma yana iya haɗa ido da kowa a masallaci. A ƙarshen shekarar aka tura ni koyarwa, aka kuma sa ranar aurena da mahaifinku, sai karatun safe ya koma hannun wata jikar Malam. Baba Malam ya ƙara damina biyu a duniya, bai rasa Juma'a ba sai ta makon da ya rasu. Bayan an share makoki Malam Kabiru ya zo gidanmu da gwangwanin a naɗe cikin ƙyalle, ya ajiye a gaban Baba, ya yi ta godiya.

Kun san kakanku yanzu, hannunsa yana rawa, ya daina riƙe aska. Askinki na suna, Ummi, yana cikin na ƙarshe da ya yi. Kawunku Sani ne ya ɗauki zabirar, kuma shi yake yi masa aski duk Alhamis da hantsi a gindin darbejiya. Ranar farko Yaya ya fito da na roba, Baba ya ce a mayar, a ɗauko gwangwani, ai an riga an ba da fatawa a gabansa. Ɗan Damagaram ya ƙara tsufa, gashinsa bai fi rabin na da ba, an ɗaure mariƙin da waya. Inna har yau ba ta yarda a jiƙa shi a kwanonta.

Saboda haka in yarinyar nan ta sake faɗa, kada ki yi kuka, kada kuma ki rama. Ki ce mata e, kakanki ne. Ranar Alhamis ta hutu kuma zan kai ku ku zauna a bakin zaure inda nake zama. Za ku ji yana yi wa kawunku faɗa cewa yana sauri kamar wanda ya bar babur a kunne. Za ku ga ya kama wuyan hannunsa ya kai shi inda yake so, yana cewa:

"Dama tukuna. A hankali. Zagaya."